Tarihin Tashar Jirgin Ƙasa Ta Nguru Da Zaman Hausawa A Wannan Yanki

Ina so in yi amfani da wannan fili in ɗan taɓo tarihin tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Dalili kuwa shi ne, duk lokacin da zance ya tashi a kan yaushe Hausawa suka zo wannan ƙasa, sai ka ji samarinmu sun rabu gida biyu. Wasu su ce ai jirgi ne ya kwaso kakanninmu ya zube a nan, wasu kuma su ce mu babu abin da ya haɗa mu da jirgi, tun fil azal muna nan. Kowanne daga cikin maganganun nan biyu yana bukatar gyara. Kuma abin ya wuce hirar bakin kasuwa, domin ranar da yaronka ya je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, abin da za a fara tambayarsa ke nan: wane ne kakanka, daga ina ya fito, yaushe ya zo?

Na san mutumin Machina zai ce, to mu ina ruwanmu da tasha, alhali dogo bai taɓa taka ƙasarmu ba? Gaskiya ne bai taka ba. Tsakaninmu da Nguru akwai kimanin kilomita 55, kuma a zamanin da muke magana a kai tafiya ce ta rairayi, jaki da kaya sai ya kwana a hanya. Amma wanda ya yi haƙuri ya karanta zai ga cewa tashar nan ta juya rayuwar Machina fiye da ta wasu garuruwan da dogon ya ratsa ta tsakiyarsu.

Bari mu fara da abin da ke nan kafin jirgi. Wannan yanki shi ne yammacin daular Barno, ƙasar Mangawa da Barebari da Badawa, kuma Nguru ta dā ita ce mazaunin Galadiman Barno, wanda aka ɗora wa tsaron wannan sashe. Machina kuwa tsohon gari ne mai sarautarsa, a gindin duwatsunsa, kuma yana kan babbar hanyar fatake wadda ta taso daga Kano ta bi ta Gumel ta nufi Kukawa. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ta wannan hanya ya bi a 1851. Daga Kano ya sauka Gumel, inda ya tarar da babbar kasuwar kanwa, ya wuce ta Machina, ya bi ta Bundi inda Galadima yake zaune a lokacin, sa'an nan ya isa Kukawa. Wato shekara wajen 80 kafin a ji kukan jirgi a nan, ayari na ratsa Machina gabas da yamma, kuma Bahaushe yana cikinsa. Yana kawo tufafin Kano, baƙi da rini da sauran kayan koli, yana komawa da kanwa da mangul daga ƙasar Manga da Muniyo, da ungurnu daga wajen tafkin Cadi.

To amma a lura da abu guda. Farke ba mazauni ba ne. Yakan fito bayan an kawar da amfanin gona, ya sauka a zango, ya kwana biyu ko uku a gidan fatomansa, ya ci gaba, kuma kafin ruwan farko ya sauka yana gida yana gyaran gona. Akwai ɗaiɗaiku da suka zauna, malamai da mahauta da masu sana'ar hannu, ba a musun wannan. Sai dai yawancin kakanninmu a wancan lokaci masu wucewa ne. Saboda haka ni a nawa ganin, jirgi bai kawo Bahaushe wannan ƙasa ba, ya tarar da shi yana kai da kawowa. Abin da jirgi ya yi shi ne ya zaunar da shi wuri guda.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa rai auduga za su riƙa kwasa su kai masaƙunsu na Ingila, sai manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi biya, kuma idan kasuwa ta ƙi ko ba komai a ci abarta. Nan da nan gyaɗa ta cika tashar Kano har aka rasa inda za a sa ta. Da gwamnati ta ga haka sai ta shiga miƙa rassan dogo zuwa ƙasashen gyaɗa masu nisa. Reshe ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Ɗayan kuwa shi ne namu, wanda ya tashi daga Kano ya yi arewa maso gabas, ya bi ta Jogana da Zakirai da Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya tuƙe a Nguru wajen 1930. Tsawonsa mil 143 ne, wato kimanin kilomita 230, faɗin layin kuma ƙafa 3 da inci 6, irin na sauran dogon Nijeriya na wancan zamani. Ba a bi da shi ta cikin Haɗeja ba, shi ya sa Malam Madori, wadda ba kowa ya san ta ba a dā, ta zama tashar Haɗeja ta bunƙasa.

Kada wani ya ɗauka don jin daɗinmu aka yi wannan aiki. Bature bai shimfiɗa ƙarfe a cikin wannan rairayi don talaka ya je ganin dangi ba. Manufarsa ita ce kaya su isa bakin teku. Buhun da aka ɗora a Nguru sai ya yi tafiyar fiye da mil 800, ya ratsa Kano da Zariya da Kaduna da Minna, ya haye Kwara a gadar Jebba, ya wuce Badun, kafin a sauke shi a Apapa a zuba a jirgin ruwa. Mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin Nguru ba, sai ga shi kuɗin guminsu ya dogara da abin da aka yanka a kasuwannin Ingila. Kuma ba a daɗe ba suka ɗanɗana, domin isowar dogon ta zo daidai da karyewar kasuwar duniya wadda ta fara daga Amurka a 1929. Farashin gyaɗa ya faɗi warwas, haraji kuwa yana nan, kuma da kuɗin Bature ake biyansa. Manomi ba shi da zaɓi sai ya ƙara faɗin gona.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Tashar Nguru ba wata babbar tasha ba ce idan aka gwada ta da ta Kano ko ta Zariya. Ofis ne, da wurin sayar da tikiti, da sito, da sikeli, da tankin ruwan da kan jirgi ke sha, da wurin loda dabbobi, sai gidajen ma'aikata. Darajarta guda ce: daga ita babu sauran dogo. A Taura ko Gagarawa jirgi tsayawa yake yi ya ɗauki na ɗauka ya wuce, kuma abin da ke zuwa can na ƙauyukan kewaye ne kawai. A Nguru kuwa, duk wanda yake gabas ko arewa, in dai yana so kayansa su ga jirgi, dole ya zo. Na Gashuwa da Geidam su zo, na Machina da Yusufari su zo, na ƙasar Faransa, wato Gure da Maine Soroa da sauran garuruwan gabashin Damagaram, su ma su ƙetaro iyaka su zo. Shekara fiye da 30 Nguru ce kaɗai tashar jirgi a duk faɗin Lardin Barno. Ko Yerwa, mazaunin Shehu da Razdan, ba ta da dogo.

Sai hanya ta juya. A dā Machina ce a kan babbar hanya, ayari na ratsa ta daga yamma zuwa gabas. Da jirgi ya zo, mai kai kanwa Kano ba shi da dalilin kora jakai kwana da kwanaki ta Gumel. Ya sauke a Nguru, tarago ya ƙarasa masa. Machina ta tashi daga zangon babbar hanya ta koma ɗaya daga cikin ƙofofin da kayan arewa ke bi su gangara tasha. Wannan ba ƙaramin canji ba ne ga garin da ya saba ganin madugai a ƙofarsa, kuma shi ne ya canza irin Bahaushen da ke zuwa Machina: maimakon mai wucewa da ayari, sai mai zama da sikeli da mudu.

Ga yadda abin yake tafiya. Manyan kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, da Kwara, sukan buɗe kanti da sito a bakin tasha. Su ba sa shiga ƙauye, ba su jin yaren mutane, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Sai su ba wani babban ɗan kasuwa kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, yaran su bazu kasuwannin ƙauye suna saye mudu-mudu har buhu ya cika. Irin tsarin da Alhaji Alhassan Ɗantata ya yi fice da shi a Kano ke nan, Allah ya ji ƙansa, kuma shi aka kwaikwaya a duk inda dogo ya je. To wanda aka ba kuɗin mutane ba ya cewa damina ta zo zai tafi gida. Dole ya zauna kusa da manoman da ya ba bashin iri, ya san gonar kowa, ya je suna ya je jana'iza. Bana ya kama ɗaki, baɗi ya nemi fili wurin mai gari, shekara ta uku ya aika a kawo masa iyali, ko kuwa ya nemi aure a nan. Kakana na wajen uba ta haka ya zo daga ƙasar Kazaure, da niyyar kaka ɗaya, ga shi kabarinsa yana nan. Na tabbata gidaje da yawa a cikinmu idan aka bincika labarin ke nan, sunan garin asali ne kawai zai bambanta. Unguwar Hausari ta Nguru sunanta ma ya isa shaida.

Mutane sun fi tuna gyaɗa saboda dalar Kano, kuma lalle ita ce uwar tafiya. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dalar nan alama ce ta wadata kuma alama ce ta gazawar jirgi. Bayan yaƙin duniya na biyu reluwe ta yi ƙarancin kawuna da taragu, gyaɗar bana ta tarar da ta bara ba a kwashe ba, sai aka shiga jera buhuna ana lulluɓewa da tamfol, dala ɗaya takan ci buhu har 15,000. An yi irinta a Malam Madori ma. Daga 1949 kuma hukumar ciniki ta gwamnati ce ke yanka farashi, sai wanda aka ba lasin ne zai saya mata, ribar da ke tsakanin kuɗin manomi da kuɗin Turai kuwa ta tafi baitulmali. Da ita aka yi ayyuka da dama a Jihar Arewa, ba mu musa ba, amma wanda ya duƙa ya yi noman bai ga cikakken abin da guminsa ya jawo ba.

Ni dai a wurina, abin da ya bambanta Nguru da sauran tashoshi ba gyaɗa ba ce, domin kowa na da ita. Dabba ce da abin da ke fita daga jikinta. Kafin jirgi, saniyar da za a kai Kurmi da ƙafa take zuwa, tafiyar wata da watanni, ta rame a hanya, ta shiga ƙasar tsando ta kamu da sammore, wata ma ba ta isa. Da aka samu tarago sai tafiyar ta koma ta 'yan kwanaki. Garke-garke ake korowa daga ƙasar Nijar da gabashin Barno, a yi ciniki a kara, dillali ya ci la'adarsa, a loda, a haɗa da yara masu rakiya waɗanda aikinsu shi ne su hana wadda ta kwanta a tattake ta. A can Badun da Ikko kuma akwai maigida Bahaushe a Sabo ko Agege da zai karɓa, ya sayar wa mahautan Yarbawa bashi, ya tattara kuɗin ya aiko. Babu takarda, babu lauya, amana ce kawai da sanin asalin juna. Wanda ya ci amana sau ɗaya, kafin jirgi ya dawo labarinsa ya riga shi isowa.

Sai kuma banda. Ba kowace saniya ce za ta jure tarago ba. Tsofaffi da ramammu, waɗanda in an loda su asara ce, a nan ake yanka su, a yanyanka naman, a tafasa, a ƙyafe a kan wuta har ya bushe ƙarau, a ɗura a buhu a aika Kurmi, inda Yarbawa ke kiransa kundi ko tinko. Nguru ta yi suna ƙwarai a wannan sana'a, har ya zama idan ana maganar busasshen nama a kasuwannin Badun sunanta ake fara kira. Ku duba yawan bakin da wannan sana'a ɗaya ta ciyar: mahauci, da mai kawo itace, da mai ɗebo ruwa, da matan da ke sayen kayan ciki da kitse, da mai jima da ke jiran ƙirgi, da mai ɗinkin buhu, da ɗan dako. Saboda wannan albarka ta dabbobi ne aka gina mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi a Nguru a shekarun 1960. Ƙiraga da fatun awaki su ma kaya ne masu zaman kansu, haka nan ƙaro, wanda ake tsinkowa daga jikin ɗakwara, Nguru ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren tara shi a Nijeriya. Ga kanwa a kan raƙuma, ga bandar kifi daga fadamun Haɗeja da Nguru da kogin Yobe.

Taragon da ya tafi da wannan kaya ba ya dawowa wayam. Goro ne kan gaba, huhu-huhu daga Shagamu da Agege, kuma goro ba ya son jinkiri, kwana kaɗan zafi ya bugi huhu sai ka kwance ka tarar da asara. Saboda haka fataken goro sun fi kowa sanin lokacin jirgi. Bayan goro sai atamfa da akoko, gishirin Bature, kananzir, sukari, kwanon rufi, tasoshi da fitilu. Daga tasha raƙumi da jaki da takarkari su ɗauka su watsa, wani ya yi Machina, wani ya yi Gashuwa, wani ya haye iyaka. Mai raƙumi bai yi asarar sana'arsa da zuwan jirgi ba, tafiyarsa ce ta gajarta, lodinsa kuma ya ƙaru.

Ba mu kaɗai jirgi ya zaunar ba, wannan ma a faɗa. Yarbawa sun zo, Ibo sun zo, yawancin akawuna da direbobi da masu gyaran layi daga Kudu suke, ga Larabawa da Buzaye. Malamai ma sun samu rabonsu, domin zaman Shehu Muhammadu Gibrima a Nguru, wanda ya rasu a 1975, Allah ya ƙara masa rahama, ya jawo almajirai da masu ziyara daga nesa, kuma sauƙin hanya ya taimaka. Abin da ya taɓa ƙasa kuma yakan taɓa mu ta wannan layi. A 1945 da ma'aikata suka yi babban yajin aiki, wanda Michael Imoudu na reluwe yake cikin jagororinsa, jirage sun tsaya fiye da wata guda. A 1966 kuwa, lokacin tashin hankalin da ya auku a garuruwan Arewa, an yi asarar rayuka, ma'aikatan reluwe 'yan Gabas suka tafi, aka bar tashoshi babu ƙwararrun hannu. Abin baƙin ciki ne, kuma reluwe ba ta koma daidai ba tun daga nan.

Mu da muka tashi a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, wutsiyar abin muka tarar. Duk da haka na ga ranar jirgi da idona, lokacin da mahaifina yakan tafi da ni Nguru sayen kaya. Tun kafin a hango shi masu tuwo da masu ƙosai da 'yan fura sun kafa, 'yan dako sun naɗe gammo, masu masauki sun turo yara su tare baƙi. Idan ya yi latti, kuma yakan yi, sai a shimfiɗa tabarma a kwana a nan, ba mai fushi domin an saba. Dattawa a lokacin suna cewa wannan ai ba komai ba ne, wai mun zo bayan an watse.

Me ya kashe kasuwar? Jama'a sukan ce sakaci, su yi shiru. Akwai sakaci, amma tun kafin sakaci akwai abin da ya fi shi. An daɗe ana maganar a zarce da dogo daga Nguru zuwa Maiduguri. Da aka tashi yi, sai aka zaɓi wata hanya dabam: aka ɗauko shi daga Kuru kusa da Jos, aka bi ta Bauci da Gombe. An fara a 1958 da rancen Bankin Duniya, ya isa Maiduguri a 1964. Daga ranar Nguru ta daina zama ƙofar Barno, ta koma ƙofar wani sashe kawai. Wasu dattawa suna ganin an cuce mu da ba a bi ta nan ba. Ni kuwa ina ganin ko da an bi ta nan ɗin, cin gashin kanmu ya ƙare, domin jirgin da zai wuce Maiduguri tsayawar minti kaɗan zai yi mana, mu zama kamar Taura. Arzikin Nguru na tuƙewar layi ne, kuma ko ta wace hanya dogo ya isa gabas, wannan arziki sai ya ragu.

Sauran musibun kuma suka biyo a jere. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 ya rufe hanyar Fatakwal, ya hana kwal ɗin Inugu fitowa. Farin 1972 zuwa 1974 ya karkashe dabbobi a nan da Nijar. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa ta cinye amfanin shekarar, manoma da yawa suka koma gero da wake ba su sake waiwayarta ba. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta mai da hankali kan kwalta, mota ta yi araha. Mai shanu ya ga tirela za ta ɗauka yau ta sauke a Ikko jibi, ba sai ya yi kwanaki yana bin ofis yana neman tarago ba. Wa zai ga laifinsa? A 1986 aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya. Ta wajen ruwa ma an taɓa mu: madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 sun canza yadda ambaliya ke sauka a fadama, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka shiga wani hali.

An yi ta yunƙurin tayar da reluwe. An kawo Indiyawa sun riƙe ta daga 1979 zuwa 1982, ta ɗan farfaɗo, suna tafiya ta koma. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gyara. A ƙarshen 2012 aka dawo da jirgin fasinja tsakanin Ikko da Kano. Sai dai duk wanda ya san ciniki ya san fasinja ba shi ke riƙe reshe irin namu ba, kaya ne, kuma kayan sun riga sun saba da bayan mota. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon dogo mai faɗi daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wato cinikin Nijar da Nguru ta ci moriyarsa a dā, yanzu ta yamma ake shirya masa ƙofa, kuma jirgin da zai hau wancan layi ba zai iya hawa namu ba, domin faɗinsu ba ɗaya ba ne.

Da jirgi ya ja baya, kakanninmu da iyayenmu ba su naɗe tabarma sun koma Kazaure da Gumel da Katsina ba. Wanda yake sayen gyaɗa ya koma sayen riɗi da wake da zoɓo, mai loda shanu a tarago ya koma loda su a tirela, wasu suka kama noma gadan-gadan. An haifi 'ya'ya da jikoki a nan, an yi auratayya da Mangawa da Badawa da Fulani, yaranmu da yawa ba su taɓa kwana a garin da ake cewa na asalinsu ba. Masu ƙasa sun karɓe mu, sarakuna sun ba mu filin gida da na gona, wannan alheri ne da ya wajaba mu riƙa faɗa wa na baya. Idan aka lissafa daga 1930, gidajen da suka zo da jirgi sun doshi shekara 100 a nan, waɗanda suka riga jirgi kuwa sun haura.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya, Allah ya ƙara musu haƙuri da mu, a sa samari biyu ko uku masu ilmi a kowane reshe, Machina da Nguru da Gashuwa, su bi sauran tsofaffin da suka yi dako ko rakiyar shanu ko sayen gyaɗa, su ɗauki maganarsu a waya su rubuta: sunan kaka, garin da ya fito, sana'ar da ta kawo shi, da sarkin da ya ba shi wurin zama. Wanda kuma yake da tsohuwar takarda a adaka, ko rasiɗin haraji ne, ko takardar lodin kaya, ko lasin saye, ko wasiƙar ajami daga maigidan Badun, kada ya bari gara ta ci. Ya kawo wa sakatare a ɗauki hotonta a mayar masa da abarsa.